Jagora da Ubansa da Kakansa

Wani ne fa, irin mutanen nan da in suka kalli abu sau ɗaya a waya, shi ke nan sun zama gwanaye. Aikin ofis yake yi, abu mafi nauyi da yake ɗagawa shi ne kofin shayi. Ƙusa ɗaya tak ya taɓa bugawa a rayuwarsa, agogon da aka rataya a kanta har yau sai ka kwantar da kai kake gane ƙarfe nawa.

To, surukarsa ce za ta zo ganin likita, ta kwana biyu a gidansa. Ciwon baya ke damunta, an ce kada ta ƙara kwanciya a gado mai lotsawa, a sa mata katako a ƙarƙashin katifa. Gadon ɗakin baƙinsa kuwa, in ka kwanta a tsakiya, sai an miƙo maka hannu kake fitowa.

Matarsa ta ce, "Baban yara, a kira kafinta ya zo ya auna."

Ya ce, "Kafinta? A kan yanka ɗaya? Ina raye?"

Abin da ke cin ransa daban ne. Tsohuwar nan tana da wani suruki, mijin ƙanwar matarsa, wanda ya taɓa ɗaura mata fanka a ɗaki. Tun daga ranar ba a huta ba. Ko gaisuwa ka je yi sai ta nuna maka fankar. Shi kuwa mutuminku, in an zo maganarsa, sai ta ce, "Ai shi yana da kirki," ta yi shiru. Wannan shirun ya fi zagi ciwo a wajensa.

Sai ya ɗauki waya ya kira ta.

"Mama, maganar katakon nan, kada ki damu. Da hannuna zan yi miki."

Ta ce, "Da hannunka?"

"Da hannuna, Mama."

Ta ce, "To, Allah ya tsare."

Ranar da za ta zo, da sassafe ya sayo falen filawud, katakon nan mai faɗi kamar tabarma. Ya fi gadon faɗi sosai, abin da ake so kawai a rage gefe ɗaya. Ya leƙa ta katanga ya ari zarto mai lantarki wajen maƙwabcinsa, irin mai faifai mai haƙora da ke juyawa. Maƙwabcin ya miƙo yana kallon yatsunsa, ya ce, "Ka san adadinsu dai ko? Don in ka gama mu duba."

Ya jera kujeru a tsakar gida, ya ɗora katakon, ya maƙala fensir a kunne. Ya ce kafin a fara sai an gwada zarto. Ya bi bakin katakon duka huɗu ya ɗan sassare, wai yana share dattin shago. Sannan ya ja layi, ya kunna. Zarto ya ɗauki kuka, shi ma ya rufe ido ɗaya ya tura.

Da ƙura ta lafa ya duba. Layin fensir yana nan lafiya lau, babu abin da ya taɓa shi. Yankan kuwa ya tafi yawonsa, ya yi gabas, ya dawo yamma, ya leƙo layin sau ɗaya ya gaishe shi ya wuce.

Matar ta fito da tsintsiya, ta duba, ta ce, "Ai ba komai. Ka ƙara ragewa haka nan. Ƙarƙashin katifa zai shiga, wa zai gani?"

Ya ce, "Wa zai gani? Mama fa! Matar da take ɗaga murfin tukunyar mutane ta duba gindinta? Kafin ta ajiye jaka za ta ɗaga katifar nan. Miƙaƙƙe za ta gani, ko kada ta ga komai."

Ya zauna a kan bokiti ya shiga waya. Can sai ya yi tsalle.

"Na gano! Ashe ba laifina ba ne. Jagora ake yi wa zarto. Ka samu siririn katako mai miƙaƙƙen baki, ka matse shi a kan wanda za ka yanka, zarto ya jingina da shi ya bi. Ko makaho sai ya yanka daidai."

Ta ce, "To ina siririn katakon?"

"Ga shi nan a jikin wannan. Ai akwai rara."

Ya yanko siririn katako daga rarar. Da me? Da zarton nan dai, da hannun nan dai. Ya matse shi, ya jingina zarto, ya tura. Zarto kuwa ya yi biyayya. Duk inda jagora ya lanƙwasa, shi ma ya lanƙwasa, ko kwana ɗaya bai tsallake ba.

Ya tsaya yana shafa haɓa. Ya ce, "Kin ga aikin ilimi ko? Dabarar ta yi. Dubi yadda ya bi shi sak. Jagoran ne kawai a karkace."

"To yanzu fa?"

"Sai a yi wa jagoran jagora."

Ya yanko wani, ya ce wannan shi ne uban jagora, da shi za a gyara ɗan. Uban ya fito da doro. Ya ce ba mamaki, uban ma bai samu tarbiyya ba. Ya yanko kaka. Kakan ya fito kamar an taka maciji. Ya jingina su a bango, ɗa da uba da kaka, kowa ya kalli inda ya ga dama. Katakon Mama kuwa sai ramewa yake yi.

Matar ta tsaya ta ƙare musu kallo, ta ce, "Wannan zuri'a ko a hanya na gan su na san gidansu."

Ya ce, "Ke dai ba ki san sha'anin aikin hannu ba."

Maƙwabci da ƙarar zarto ta hana shi sakat ya leƙo ta katanga.

"Maƙwabci, gado kake yi ko itacen girki?"

Ya yi masa bayanin zuri'ar tun daga kaka. Maƙwabcin ya ce, "Ni ba kafinta ba ne, zarton ma ƙanena ya bar min. Amma na ji yana cewa bakin da katako ya zo da shi daga kamfani miƙaƙƙe ne. Da shi ake jagora."

Mutuminku ya sunkuya ya kalli ƙasa. Ga bakin kamfani nan duka huɗu, gutsi-gutsi cikin garin katako, inda ya share dattin shago.

Ya ɗago ya ce, "Ai na sani. Ni ban yarda da aikin kamfani ba ne."

Daga nan ya shiga gida farautar abu miƙaƙƙe. Ya ɗauko sandar goge ɗaki, ya kanne ido ya hango ta, ya ce ta yi ciki. Ya ciro sandar labule, labule ya zubo masa a ka. Ya gwada allon guga, gajere ne. Ya tsaya a tsakiyar falo da garin katako har cikin gira, ya ce, "Ashe duk gidan nan babu abu ɗaya miƙaƙƙe? A haka muke zaune?"

Matar ta buɗe baki, ta kalle shi sama da ƙasa, ta fasa.

Sai idonsa ya faɗa kan ƙofar ɗakin baƙi. Doguwa, santala, bakinta kamar an ja da zare. Daga ciki tana da sakata, daga waje tana da maƙalin kwaɗo, wani ƙarfe mai kauri da ya turo kai.

Matar ta ce, "Kada ka soma. Ɗakin Mama ne fa."

"Aro zan yi. Yanzu zan mayar."

Ya sa sukundireba, sukurori suka ƙi fita. Ya sa guduma, suka fita har da naman bango. Ya rungumo ƙofa yana nishi ya kai tsakar gida.

Yanzu fa rara ta ƙare. Abin da ya rage a jikin katakon bai wuce a daidaita baki ba, in aka kuskure babu na gyara. Ya auna gado, ya auna katako, ya sake aunawa. Ya ja layi. Ya ƙaro kujeru ya kwantar da ƙofar ta wajen layin, bakinta daidai kan fensir, wai kada ta goge wa Mama katakonta. Abin matsewa ba zai kama ƙofa ba, sai ya ce wa matar, "Zo ki zauna a kai."

"Ni ce abin matsewar?"

"Ki zauna dai, kada ki yi numfashi."

Ta zauna ta toshe kunnuwa. Ya jingina zarto da bakin ƙofa, ya yi bisimilla, ya tura.

Jama'a, yanka ya yi kyau! Tun daga wannan kai har wancan, ko gargada babu. Mutuminku ya kashe zarto ya durƙusa yana shafa bakin katakon, idonsa har ya kawo ruwa. Ya ƙwala wa maƙwabci kira ya zo ya shaida. Ya ɗauki hoto ta sama, ya ɗauka ta gefe. Ya ce, "Fanka! Fanka me? Kowa ma ya iya ɗaura fanka."

Abin da bai lura da shi ba, tsakanin gefen zarton da ke bin ƙofa da haƙoran da ke yanka akwai tazara, kamar faɗin tafin hannu. Wannan tazarar duk a jikin katakon Mama ta fita.

Suka kinkimi katako zuwa ɗaki, shi a gaba yana ba da umarni. Suka ɗaga katifa, suka saita shi a kan ƙarfen gado, suka saki. Katako ya wuce ta tsakiya salin alin, bai taɓa ko gefe ɗaya ba, ya faɗi ƙasa tim.

Suka leƙa shi tare.

Ya ce, "Amma dai miƙaƙƙe ne."

Ta ce, "Ƙwarai. Sai Mama ta kwana a ƙarƙashin gado."

Ya ruga ya kwaso ɗa da uba da kaka, ya gicciya su a kan gadon don su tallafe katakon. Ya hau ya gwada. Kaka ya fara karyewa, uba ya bi shi, ɗa ya yi tsalle ya bugi ƙwan fitila. Yana cikin ramin gadon ƙafafu a sama wayar matar ta yi ƙara. Ta saurara, ta ce, "Mama ta sauka a tasha. Ta ce a gaishe da mai aikin hannu."

Shagon katako da nisa, rana ta yi sanyi, mutuminku zufa har cikin takalmi. Ya fito tsakar gida yana zagaye. Sai ya ga ƙofa kwance a kan kujeru. Ya kalle ta. Ya kalli tagar ɗakin baƙi. Ya sake kallonta.

Matar ta ce, "A'a."

Ya ce, "Kama can."

Wallahi ƙofar nan ta zauna a kan gadon kamar don shi aka yi ta. Ya kwance hannunta, ya juya gefen sakata ƙasa, ya jefa katifa a kai, ya ja zanin gado ya lulluɓe har ƙasa. Bakin ɗaki kuma ya rataya labulen falo da ƙusa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa-ƙasa.

Tsohuwa ta iso. Aka gaisa, aka ci abinci, aka raka ta ɗaki. Ta tsaya a bakin ɗakin ta kalli labule, ta kalli ramukan da ke jikin bango.

"Da kamar akwai ƙofa a nan."

Ya ce, "Mun cire ne, Mama. Don iska. Ta fi fanka lafiya."

Ta ce, "Uhm."

Ta danna katifa da hannu, ta ji tauri. Ta ce, "Kai ka yi?"

"Da hannuna, Mama."

Ba ta ɗaga katifa ba. Mutuminku ya fito yana taku ɗai-ɗai, ya raɗa wa matarsa, "A kira mijin ƙanwarki a gaya masa."

Da safe ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya zo bakin labule. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, babu abin ƙwanƙwasawa, sai ya yi gyaran murya. Aka ce ya shigo. Ya tarar da ita zaune a bakin gado, matarsa na tsaye da tiren shayi tana kallon silin. An naɗe katifa gefe guda. Ga ƙofa nan kwance, ga maƙalin kwaɗo ya turo kai daidai inda ƙugun mutum yake sauka.

Ya durƙusa.

"Mama, ina kwana? Yaya... yaya bayan?"

Ta ce, "Baya da sauƙi, ɗan nan. Rabona da barci irin na jiya an daɗe. Ƙarfen nan ne kawai ya riƙa taɓa ni, shi ya sa na duba."

Ya ce, "Ai wato, Mama, sabuwar dabara ce. Likitoci ma yanzu..."

Ta ɗaga masa hannu. Ta ƙwanƙwasa ƙofar da yatsa, ta nuna maƙalin kwaɗon.

"Wannan ba ta waje yake ba?"

"Ta waje yake, Mama."

Ta kurɓi shayi ta ce, "To yau in Allah ya kai mu ka juya min ita. Na zo gidan surukina, ina so ko sau ɗaya in kwana daga ciki."