Tasallah da Fulogi na Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farcen da har yau baƙin mai bai gama fita daga cikinsa ba, Malam Abdurrahman na unguwar Takur a Dutse yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, wadda aka fi sani da Tasallah. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a gindin darbejiyar ƙofar gida, a hannun mai ita. An so a sakaya zancen hannun nan, to amma rabin layi na kallo aka yi abin.

Marigayiyar ta shigo gidan ne ranar jajiberin babbar sallah, shekara goma sha huɗu da suka wuce, kuma ko a lokacin ba yarinya ba ce. Ba wanda ya san iyakar tafiyar da ta yi a duniya, don mitarta ta tsaya a kilomita dubu ɗari huɗu da 'yan kai, ta ƙi ƙara ko ɗaya. An shaide ta da haƙuri. Ta yi dakon gero, ta kwashi tabarmin Islamiyyar da Malam ke koyarwa, ta kai matan layin asibiti suna kan gwiwa, ba ta taɓa nuna gajiya a gaban baƙo ba. Ba a ce ba ta da nata halin ba. Da safe sai ta yi "kir-kir-kir" har sau uku, ta yi tari, sannan ta ce "ɓurum", kamar dattijuwar da aka tasa daga barci.

Babban aikinta shi ne na Juma'a. Iya, mahaifiyar Malam, gwiwa ta hana ta hawa babur, adaidaita sahu kuma jijjiga yake kwantar da ita kwana biyu. Yayarta, Inna Zara, tana Kiyawa a kwance shekara ta uku ke nan, kuma su biyu suka rage a cikin 'ya'yan mahaifinsu. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Tasallah za ta matso har bakin zaure, Iya ta zauna a baya, a lallaɓa da ita har ƙofar ɗakin yayarta. A 'yan makonnin nan jikin Inna Zara ya ja baya sosai, kowa ya san Juma'o'in da suka rage ba su da yawa.

Jinyar marigayiyar ta fara ne da ɗingishi. Tana cikin tafiya sai ta riƙa fizga, ƙarfi ya ragu. Lado, bakaniken da ke duba ta shekara da shekaru, ya tafi Garki biki, ga Juma'a na matsowa. Akwai kuma wani abu da ya daɗe yana ci wa Malam rai. Ramin fulogi huɗu ne a injin, amma duk lokacin canji Lado uku yake cewa a sayo, na ukun a jere sai dai ya goge shi da tsumma ya wuce. Malam bai taɓa tambaya ba, kunya ta hana shi, ya dai yanke a ransa cewa ganda ce irin ta masu gareji. Mutumin da kullum yake ja wa ɗalibai kunne a kan munana zato ke nan.

Sai ya sayo huɗu cif, ya ari sifana, ya jingina waya a gilashi yana kallon wani mutum yana kwance fulogin wata mota mai ƙyalli. Na farko ya fita lafiya, na biyu ma haka, har Malam ya fara murmushi. Na uku ya ce ba inda za shi. Malam ya samo guntun bututun ƙarfe ya zura a hannun sifana, ya yi bisimilla, ya ɗora nauyinsa gaba ɗaya. Aka ji "ƙwas". Rabin fulogin ya fito, sauran ɓarɓashin ya gangara ciki. Ya leƙa, ya hura, ya zura tsinken tsintsiya, babu labari. A nan ne ya yi shawarar da zai daɗe yana nadama: ya ce bari ya tayar da ita, ƙila ta furzar da ɓarɓashin ta salansa. Kalmominta na ƙarshe su ne "gwaram, gwaram", daga nan tsit.

Washegari Lado ya dawo, ya ɗaga bonet, ya leƙa injin.

"Malam, na ukun ka taɓa?"

Malam ya sunkuyar da kai.

"Ai haƙoran ramin nan sun cinye tun tuni, tsatsa ce kawai ke riƙe da shi. Ban faɗa maka ba ne don kar ka sa abin a ranka. Yanzu kam inji ya buga, kuma irinsa ko a Kano sai an yi sa'a. Da ka tambaye ni, Malam."

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu, biyu a sanƙo, da batirin da bai kai wata shida ba, da fulogi biyu sababbi da ko rami ba su shiga ba. Ta bar Malam, wanda jiya ya zauna a kujerar direba bayan la'asar, hannu a sitiyari, bai san ta inda zai fara ba. Motar aro za a samu sau ɗaya, a yi kara sau biyu, amma ba wanda zai ba ka motarsa duk Juma'a.

Za a yi mata rakiya gobe Alhamis zuwa wajen 'yan gwangwan, da ƙarfe biyu da rabi, lokacin da Iya ke ɗan kishingiɗawa. Ana roƙon masu turi su zo da ƙarfinsu, su bar surutu a gida. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar masallacin layi, ba a cikin gida ba, don har yanzu Malam ya kasa faɗa wa Iya. Da safen nan ma ta aiko da zanenta a kai wa mai guga, ta ce a gaya masa na jibi ne, kar ya makara.