Jajayen Yaya da Jar Leda

Ba zan taɓa mantawa ba, ranar ɗaurin aurena ce ranar da na fi jin kunya a rayuwata. Wasu angwayen kunyar surukai ke kama su, ni kuwa jatan lande ne suka tona min asiri (eh, jatan lande, daidai ka ji).

Yayana malamin kimiyya ne a wata sakandare a Ajingi, amma a gidanmu na Gaya yake zaune. Mutum ne mai sanyin hali, ba ruwansa da kallon ƙwallo, ba ruwansa da majalisa. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande na ado da abokinsa ya kawo masa daga Legas, kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba. Akwatunan gilashi uku ya jera a ɗakinsa: na jajaye, na shuɗɗa, da na masu ruwan ɗorawa. Jajayen nan su ne ransa. Shekara da shekaru yana zama da 'yar rariya, duk ɗan da ya fito kalarsa a koɗe sai ya tsame shi ya ware, ya bar masu kyau su hayayyafa, har jan ya dawo kamar nunannen attaruhu. 'Yan unguwa na cewa Malam kayan miya yake kiwo, shi dai sai murmushi.

Da ciwon ƙoda ya kama shi, dole ya koma Kano kusa da asibiti. Ranar tafiya ya riƙe hannuna ya ce, "Auta, abinci kaɗan za ka riƙa ba su, ka riƙa sauya ruwa. Amma don girman Allah kada ka haɗa su wuri ɗaya."

Na ce, "Haba Yaya, sai ka ce wani yaro? Tafi hankalinka kwance." (Duk wanda ya faɗa maka haka, tafi da hankalinka a tashe.)

Da farko na yi abin kirki. Amma da rani ya yi nisa, layin famfo ya fara kaiwa bakin titi, sai lalaci ya zo min da rigar hikima. Na ce su ba zakaru ba ne balle su yi faɗa, me zai sa in riƙa wanke akwati uku? Na juye su duka a babban. Kai, abin ya yi kyau! Ja, shuɗi, ɗorawa, suna ta yawo kamar atamfar sallah. Har abokai na kira suka gani, ina cika baki wai Yaya bai san ado ba.

Sai 'ya'ya suka fara fitowa, dukkansu ruwan ƙasa, kalar taɓo. Na ce ƙuruciya ce, in sun girma za su yi kala. Suka girma, ba su yi ba. A waya na karanto dalili: ashe duk kalolin nan daga kaka ɗaya mai ruwan ƙasa suka fito, masu kiwo ne suka yi ta warewa. In ka gauraya su, 'ya'yan gidan kakansu suke komawa. Kafin in yi wani tunani zafin bazara ya sauka, manyan masu kala suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ina kwashe su da cokali.

Yaya kuma kullum sai ya kira, muryarsa can ƙasa. "Auta, ya jajayena?"

"Suna nan kamar garwashi, Yaya."

Sai in tura masa tsofaffin hotuna. Wata rana ya ce, "Wallahi su nake kallo in ana min wankin ƙodar nan, sai in ji lokacin ya wuce." Na kashe waya na zauna na rasa inda zan sa kaina. Gaskiya dai ban faɗa ba, tsoro ya hana ni.

Da bikina ya zo, Yaya ya rantse sai ya halarta. Da safen ranar, maimakon in ji da rawani, ina ɗakinsa ina aikin assha. Na rufe taga, na saki labule, na samo jar leda na naɗe ƙwan fitilar da ke saman akwatin. Ina kunnawa 'yan taɓon nan suka koma jajawur. Har yaba wa kaina na yi.

Bayan an shafa fatiha, Yaya, a rame, ana riƙe da shi, ya dubi dangin amarya da suka zo daga Toranke ya ce, "Ku zo ku ga abin da Allah Ya halitta." Aka ɗunguma ɗaki, Kawu Haladu waliyyin amarya a gaba, ni a baya ina gumi cikin babbar riga.

"Masha Allah!" in ji Kawu. "Ja kamar manja!"

Na saki numfashi. Yaya kuwa ya dubi jatan landen, ya dubi duwatsun da ke ƙasa, su ma jajaye. Sai ya ɗaga hannun farar rigarsa a gaban fitilar ya ƙura masa ido.

"Auta," ya ce a hankali, "rigata ma ta yi ja. Ni ma a cikinsu nake?"

Ya miƙa hannu ya janye ledar, ta ma fara narkewa, ta like masa a yatsa. Ya ce a buɗe taga. Rana ta shigo, ga su nan birjik, ruwan ƙasa, suna ta kiwonsu ba abin da ya dame su.

"Au!" in ji Kawu. "Ashe kirefish ne. Ango, wannan ai a kwano ake auna shi a kasuwa. To mu dai 'yarmu a hasken rana muka ba ka ita."

Aka fashe da dariya, amma ba ta yi nisa ba, don kowa ya ga fuskar Yaya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na so ya zage ni, ko ya kwaɗa min mari a gaban surukai, da na ji sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Ina rariyata?"

Ya zauna a bakin gado, ya daɗe yana dubawa. Can ya tsamo wasu 'yan kaɗan masu ɗan ja-ja a gadon baya, ya sa na zuba ruwa a wani akwatin ya sake su. "Da irin waɗannan na fara," ya ce. "In akwai kwana, za su dawo."

Kwanan bai kai ba. Kafin a cire gyaɗa a gona muka binne shi.

Yanzu ni ke zama da rariyar. Layin famfon da na guje wa ina binsa ba ƙorafi. Matata, in tana son tsokana, Malam Mai Leda take kirana, ni kuma in amsa, don na ci sunan. Jan ya fara dawowa, amma har yau bai wuce ɓawon albasa ba, kuma wanda zan nuna wa ba ya nan.

Na dai koyi karatuna. In mai abu ya ce kada ka haɗa, to kada ka haɗa. In kuma shaiɗan ya riga ya ja ka, buɗe tagar da hannunka tun kafin a tara maka surukai. Ɗakin nan kuwa, ko jan labule ban yarda a rataya ba.