Yadda Na Koyi Allura a Rudun Ƙanen Mijina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na sa malamin gona ya taso tun daga Buza a kan babur, saboda ɓarnar da ni kaɗai na san tushenta.

Autata Rabi tana da ciwon jijiya mai tafiya ya dawo. Wata rana ƙafa ta ƙi ɗaukarta, wata rana ido ɗaya ya dushe, sai ta ji sauƙi, sai kuma ya komo. Likitocin Yamai suka rubuta mata allura ta ƙarƙashin fata, sau uku a mako, wadda yayanta ke aiko mana. Malam, mai gidana, shi ke ɗora ta a amalanken jaki ya kai ta wurin majo, ma'aikacin jinyar da ke Allakaye. Da Malam ya rasu (Allah ya jiƙansa, har yau in na ji kukan jakin nan sai na share ido), babu mai kai ta. Ga damina na tafe, in ƙorama ta kawo ruwa ba a ƙetarewa. Hannun Rabi kuma rawa yake, ba ta iya yi wa kanta.

Na ce wa majo ya koya mini. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ba ni allurar da ba magani a ciki da kofin ruwa, ya ce in gwada a kan albasa. Hannuna ya hau karkarwa kamar mazari.

"Inna, je ki yi ta koyo," in ji shi. "Sai na ga hannunki ya tsaya zan bari ki taɓa mutum."

To, mu ba mu da albasa, tun rasuwar Malam garkarmu ta kwanta. Amma bayan darninmu akwai rudun Sa'idu, ƙanen mijina, irin rumbun ciyawar nan da ake ajiye albasa ana jiran ta yi daraja. Kunyar a ga tsohuwa tana wasan likita ta hana ni roƙonsa. Kullum da hantsi, in maza sun tafi gyaran gona, sai in zura hannu in zaɓi manya, in tsuke, in soka, in tura ruwa a hankali. Da yake ni ba maɓarnaciya ba ce, sai in mayar da kowace inda na ɗauko ta. (Ni da na tsufa cikin albasa na san ko farce ya karce ta sai ta ruɓe. Amma na ce a raina, hudar allura ai ba huda ba ce, tunda Rabi ma kwana ɗaya take warkewa.)

Bayan mako uku wari ya tashi. Sa'idu ya fasa rudu, ya baje albasa a tsakar gida. Maƙwabta suka cika. Wani ya ce sabuwar tsutsa ce, wata ta ce hannu aka sa masa. Washegari sai ga malamin gona. Ya yanka ɗaya, ya yanka biyu, ya ɗaga zuwa rana.

"Ban taɓa ganin ƙwaro irin wanga ba," ya ce. "Hudarsa a miƙe take, zurfinta ɗaya, kuma manya kaɗai yake zaɓa."

Wallahi cikin tsoron da nake ji sai da wani daɗi ya ratsa ni. Zurfi ɗaya! Abin da majo ke nema ke nan.

Sai ya ce dole a buɗe kowane rudu na garin a duba, kada abin ya yaɗu. In aka fasa rudunan mutane a bakin damina, na kashe gari. Na shiga ɗaki, na ɗauko allurata a ƙullin zane, na fito na ɗaga ta.

"Ga ƙwaron nan."

Malamin gona ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Matan da ke bakin darni ba su ko juya ba, a fuskata suka yi ta tuntsira dariya.

Sa'idu ya riƙe haɓa. "Matar yaya! Ke ce? Mi albasata ta yi miki? Zazzaɓi ta ce tana ji?"

"Don Rabi nake koyon allura," na ce. "Yayanka ba shi nan, wa zai kai ta?"

Sa'idu ya duƙa kan albasar da ya baje. Sannan ya tsinci wata lafiyayya ya cilla mini. "To, likita, yi mu gani. Kada asarata ta tafi banza."

Na durƙusa a gaban rabin gari, na tsuke, na soka, na tura. Hannu bai motsa ba.

Ranar kasuwa Sa'idu da kansa ya ɗaura jaki ya kai mu wurin majo. Majo ya tsaya a kaina, na goge cinyar Rabi da auduga, na yi bisimilla. Tana kallon bango, ta runtse ido, can ta ce, "Inna, ki yi mana, mi kike jira?" Alhali na gama.

Yanzu maganin yana firigo, wato firijin mai shagon unguwarmu, ni ke ɗaukowa, ni ke yi. Ciwon bai rabu da ita ba, amma duk daminar nan ba ta tsallake allura ko ɗaya ba, kuma da ƙafarta take zuwa rijiya. Mata kuwa in na wuce kasuwa sai su rufe tirensu da zane, su ce, "A ɓoye albasa, ga likita nan."

Su yi ta yi. Ni dai na koyi cewa in za ka roƙi abu ka roƙa da baki tun da wuri, don kunyar da ka guda a gaban mutum ɗaya, gari guda za ta tara maka.