Liƙin da Na Yi wa 'Yan Ayalan

"Lafiya lau, sai dai kunya. Ina gajiyar hawa dandamali, bawan gidanmu?"

Da wannan Adjara ta tare ni ranar Laraba da hantsi, ko takalmi ban cire ba. 'Yar kawuna ce, ni ɗan mace, don haka tun muna yara a Zangon Kumasi take cewa ni bawansu ne, har yau da muka yi furfura a unguwar Parkchester ta Amurka ba ta 'yanta ni ba. Na ajiye tasi a ƙasa, na hau hawa na bakwai da leda a hannu, saboda magana ɗaya. 'Yarta Sumaya za ta yi wasa ranar Asabar a St. George, bakin tashar feri, wato jirgin fito, kuma na ji ƙishin-ƙishin ba a so in je.

Sumaya goge take ja a ƙungiyar wasu samarin unguwar Woodlawn, jikokin 'yan Ayalan. Kiɗansu gauraye ne. Su kunna jita mai lantarki da gangunan Turawa, sannan su zuba kayan kakanninsu a ciki, goge da sarewar gwangwani da bandiri, da wata algaita da ake matsewa a hammata tana kuka kamar akuyar da ƙofa ta datse wa wutsiya. Lahadin da ta wuce da la'asar sun yi wasa a wani zaure, ni kuma na je na karrama su.

Na ce, "Wace kunya? Ni da na fitar da dangi."

"Kai dai aka fitar. Ta ƙofar baya, ƙafafunka ba sa taɓa ƙasa."

"Rakiya ce. Ƙattai huɗu aka ware mini. Ke tun zuwanki ƙasar nan wa ya taɓa ɗaukarki?"

"Su biyu ne, ɗayar ma mace."

"Macen a madadin uku take."

Ta ajiye mini farantin wake da shinkafa a can nesa, inda sai na miƙe zan kai. Ta ce, "Gafaru, tsakaninka da Allah, wa ya aike ka?"

"Zumunci. Yarinya tana ta jan goge, mutum dubu a zaune kamar ana karanta musu sakamakon asibiti, babu mai tashi ya liƙa mata ko ficika. Sai a ce ba ta da kowa a Amurka."

"Mutum tamanin ne. Kuma shirun da suka yi, waƙar makoki ce. Ta kakanninsu da yunwa ta koro daga gida, jirgi ya nutse da su a teku."

"An rubuta a ƙofa? Waƙar da ta gabace ta kowa tsalle yake, jita na ihu, bandiri na gudu kamar an biyo shi. A waccan na tashi. Kafin in ratsa kujeru da wannan gwiwar tawa sun canza."

"Da ka hau kuma sai ka tsallake Sumayar."

"Da shugaba ake farawa. Wannan tarbiyya ce, ba ku samu ba a ɗakinku."

Shugaban nasu wani dogo ne mai jan gashi, Fintan, shi ke rera waƙa. Na tarar da shi ya rufe ido, ya ɗaga kai sama, goshi a shimfiɗe kamar tire. Duk ɗan halak ya ga wannan goshin ya san kira ne.

Adjara ta ce, "Yaro ya buɗe ido ya ga duhu."

"Gumi ne ya janyo takardar dalar da na liƙa masa ta sauko. Laifin goshinsa ne, santsi gare shi."

"Ya ja da baya ya taka wayar jita. Lasifika ta yi ƙarar da wata tsohuwa sai da ta cire abin jinta ta jefa a jaka."

"Kin ga wadda ta ji daɗi. Ta ji abin da ya ishe ta na shekara."

"Mai algaita fa? Ka cusa masa a hammata."

"Hannunsa biyu suna aiki, hula ta rufe goshi. Ina kike so in sa?"

"Sannan ka fizge makirfo ka kama yi wa 'yata kirari har kakanni bakwai."

"Shida. A na bakwai ne rakiyar ta iso. Kuma shi ne ma kakan da ya fi dukiya, su suka yi asara."

Ta danne dariya da gefen mayafi, amma na gani. Na yi amfani da damar na jawo farantin. Ta bari sai da na kai loma ta uku, sannan ta ce, "Sumaya ta bar saƙo. Da Turanci ta faɗa, ka san in ta yi fushi Hausarta guduwa take. Ta ce Asabar gasa ce, akwai alƙalai, ƙungiyar da ta ci za a buga mata faifai. Ta ce kowa ya zo ban da Kawu."

"Wane kawun? Tana da su da yawa."

"Wanda aka ɗauka."

Na ajiye cokali. Ni ba mai yawan magana ba ne, kowa ya shaida, amma ranar na yi. Na ce, "Adjara, shekara shida ina kai yarinyar nan Woodlawn koyon goge duk Asabar, ke kina wajen jinyar tsofaffinki. In kashe mota in zauna, fasinja na ɗaga mini hannu ina kau da kai, ta taga ina jin kamar ana yanka kyanwa da wuƙar roba. Lokacin da kiɗan ba ya sauraruwa, ni kaɗai na saurara. Yanzu ya yi daɗi, sai a ce in zauna gida."

Ta kama goge tebur inda babu datti. Idonta ya kawo ruwa, ta ce yajin shito ne, miyar barkonon da ta zuba mini, alhali ni ke ci.

"Ta san wannan," in ji ta. "Bayan ta gama faɗan sai da ta yi kuka. Mene ne a ledar nan da kake rungume da ita kamar jariri?"

Na zazzage. Riga ce da wando da hula na koriyar shadda, tunda na lura mutanen nan kore ne addininsu. Souley tela na titin 116 ya kwana uku a kai.

"Sai ka ce ganyen ayaba ya samu biza."

"Hassada. Alƙalan nan suna ganina za su ba mu na ɗaya."

"Su ba ku. Kai me kake kaɗawa?"

"Ni ne dangin ƙungiya."

Ta ɗaga rigar ta juya ta, ta ce, "To saurara, bawa. Zan roƙe ta, kuma za ta yarda. Amma sai na ɗinke aljihun nan kaf. Ka je hannu biyu, ka dawo hannu biyu."

"Ki bar mini ɗaya. Na hankici. Idan ta fara ja, hawaye nake."

"Ni zan riƙe hankicin."

"Na makullin mota."

"Feri za mu hau."

"Mutum ya je bikin 'yarsa ba aljihu, ai gara ya je ba wando."

"Wannan ma an yarda, in dai ba liƙi."

Ta zura hannu a aljihun dama don ta ga zurfinsa. Sai ga 'yan dala ɗaiɗai sababbi fil suna zubowa kan kafet, ko lanƙwasa babu, har da ƙamshin banki. Ta zura a na hagu, nan ma haka. Ta dube ni, na dubi silin.

"Wannan fa?"

"Souley ne. Haka yake yi wa manyan kwastomominsa, gyara."

Dariya ta kayar da ita kan kujera har mayafi ya zame. Ni ma na kasa riƙewa. Na ce, "Shi ke nan, uwar ɗakina, kin ci. Ɗinke har na wandon. Ki dai ce mata Kawu zai zo, a layin gaba, ko tari ba zai yi ba."

Ta ɗauko allura ta lashi bakin zare, ta ƙara mini ƙwai a faranti ba tare da ta kalle ni ba.

"Miƙo hular ma."

"Hula ai ba ta da aljihu."

"Miƙo."

Na miƙa. A cikinta ma akwai.