Ranar da Aka Miƙa Mini Lasifika a Taron Fili

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da unguwarmu ta tsayar da ni in yi magana da yawunta. Har yau in na tuna, sai kunya ta kama ni, ko da ina zaune kan keken ɗinki.

Bayan damanar da ruwa ya rushe gidajen bakin tabki a nan Madarunfa, labari ya zo cewa za a gina ƙananan gidaje masu rahusa don waɗanda suka rasa wurin zama, kuma a filin bayan unguwarmu za a kafa su. Hankalinmu ya tashi, kuma da dalili. Filin nan kwari ne, nan ruwan sama ke taruwa kafin ya wuce. In aka cike shi da gini, cikin ɗakunanmu zai bi. Ga famfonmu guda tilo, wanda tun a lokacin mata ke yini a layinsa.

Da lameri, wato ofishin magajin gari, ta kira taro don jin ra'ayin jama'a, mai unguwa ya leƙo shagona ya ce, "Tela, kai za ka yi mana magana. Bakinka ba ya gajiya."

Na ce, "To, ranka ya daɗe." (Ban gaya masa cewa duk surutuna na cikin shago ne ba. Ko sanarwar suna ban taɓa yi a masallaci ba.)

Daga ranar tuwo ya daina mini daɗi. Na ɗinka wa wani bawan Allah aljihu a bayan riga, sai da ya zo gwaji muka gani. Matata Rabi ta lura da halin da nake ciki, ta ce, "Baban Hadiza, mi ne abin tashin hankali? Ruwan sama da ruwan famfo, ka faɗe su ka zauna." Amma masu zaman hira a shago kowa da abin da yake ɗora mini. Wani ya ce, "Ka gaya musu ba mu san irin mutanen da za a kawo mana ba. Yau ka ɗaure akuya, gobe ka tarar da igiya." Na ce masa wannan ba magana ba ce. Ashe ta shiga kunnena ta samu wurin zama.

Ranar taro rumfa ta cika, har wasu na tsaye a rana. Manya na gaba kan kujeru. Da aka ce, "Wakilin unguwar bayan fili," na miƙe. Na karɓi lasifika, ta yi wata ƙara da ta sa jarirai kuka. Na duba jama'a, jama'a suka dube ni. Duk abin da na shirya ya gudu.

Na ce, "Ruwa..." Na sake cewa, "Ruwa..."

Wani mai tausayi a layin gaba ya miƙo mini ruwan leda. Rumfa ta kwashe da dariya.

Nan fa na ruɗe, na laluba cikin kaina, abin da kawai na tarar shi ne zancen shago. Sai na ji bakina na cewa, "Mu dai ba mu san su wa za a kawo mana ba! Baƙi ne! Mu da muke barin awakinmu a waje, wa ya san ko akwai masu dogon hannu cikinsu?" 'Yan shagona suka tafa. (Da ba su tafa ba, da na tsaya nan.) Na ƙara murya, na maimaita "masu dogon hannu" har da nuni da yatsa.

Mai jagorancin taron ya ce, "Mun ji. Sai wakilin waɗanda ruwa ya kora."

Daga can layin baya wani dattijo ya miƙe, yana gyara hula. Tun kafin ya juyo na gane tafiyar. Malam Idi ne, mahaifin Rabi, surukina. A sanina yana garin Ɗan Issa wajen ɗansa tun da ruwa ya rushe gidansa. Ashe da safen nan ya hawo moto, wato babur, ya zo. Mutumin da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba, wanda in na hango shi a hanya nake cire takalmi.

Ya karɓi lasifikar a hannuna, ya yi sallama a natse. Ya ce, "Wanga yaro da ya gama magana, na san shi. Ɗiyata ke gidansa. Tsakanina da shi dai, shi ne ya taɓa ɗaukar wani abu daga gidana, kuma da yardata."

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a bakin tabki. Na nemi kujerata na tarar wani ya zauna. Haka na tsaya a gaban jama'a, riƙe da ruwan leda.

Sannan Malam Idi ya ce, "Mu da ruwa ya kora, kada a sake zaunar da mu cikin kwari. Kuma famfo guda ba zai ishe mu da su ba." Maganar da aka aiko ni da ita ke nan, shi ya faɗe ta. A kanta aka tsaya. Daga baya aka mai da ginin kan tudu, gabas da filin, aka ƙara famfo.

Rabi ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai ajiye mini abinci ta ce, "Ka ci, ka je ka gaida mai dogon hannu."

Na je da la'asar gidan ƙanensa inda ya sauka, na durƙusa tun daga zaure, na kasa ɗaga kai. Ya bar ni na gama kame-kamena, sannan ya ce, "Tashi, ɗana, ya wuce. Awakin naka dai suna lafiya?"

Na ce, "Baba, ba ni da ko ɗaya."

Yanzu ya samu gida a sabon ginin, maƙwabta muke, kullum ta ƙofar shagona yake wucewa masallaci. Ni kuwa na koyi darasina: kafin ka kira mutane baƙi a bainar jama'a, ɗaga kai ka duba layin baya tukuna.