Jazuli da Ƙofa Mai Shuɗin Fenti

Ku da ba ku leƙo gidan gem na Jazuli ranar Asabar ɗin nan ba, wallahi an yi babu ku. Bari in ba ku yadda aka yi tun daga tushe, don na ga kowa ya fara ƙara wa labarin nasa gishirin.

Jazuli shi ne mai shagon kwamfutocin nan na bakin titi a Gwammaja, ƙaton nan da in yana yi maka magana a kunne sai na tsallaken titi ya amsa. Nafi'u kuma ƙanin matarsa ne, wani siriri mai tabarau, wanda zai wuni a shago ba ka ji tarinsa ba. Akwai wani tsohon wasan harbi da muke bugawa a wurin, irin wanda ba ka ganin kanka a allo sai hannunka da bakin bindiga, kai kaɗai kana ratsa wuri kana harbe dodanni har ka kai ƙarshe. Abin da ya hana wasan mutuwa shi ne masu son sa suna iya gina nasu filin, su jera ɗakuna da ƙofofi da dodanni yadda suka ga dama, su ba wasu su buga. Lebul muke ce masa. To, duk waɗanda muke samowa na mutanen wasu ƙasashe ne, daga kurkukun ƙarƙashin ƙasa sai wani gidan dutse a cikin ƙanƙara. Rannan Nafi'u ya cire tabarau ya ce shi fa ya gaji da mutuwa a garin da bai san kowa ba, zai gina mana namu.

Muka yi dariya muka manta. Ashe yaron da gaske yake. Ba shi da kwamfuta tasa, don haka ya maƙale wa tsohon injin nan na kusurwa, mai gurnani kamar injin markaɗe, ya juya allon yana kallon bango don kada kowa ya ga me yake yi. Tun kafin azumi yake abu ɗaya. Sai ka gan shi a lungu yana ɗaukar hoton bango da wayarsa, ko ya tsaya yana ƙare wa kwata kallo, har matan unguwa suka fara tambayar yayarsa ko lafiya.

Jazuli dai haƙurinsa ba ya nisa. Ya ce injin kusurwa ya zama na sadaka, zai kira mai gyara ya goge komai ya zuba wasan ƙwallo. Nafi'u ya roƙa, don ko ya kwashe aikin a filashi ba shi da inda zai buɗe shi. Sai Jazuli ya ce to, a yi ta a fili.

"Ni da kaina zan buga, a gaban kowa. In na kai ƙarshe, a saka shi a duk injinan shagon nan, in sa a rubuta sunanka a bango. In kuwa na maƙale, abin da mai shago bai gama ba, ba zan ba 'ya'yan mutane ba. Mai gyara na nan zuwa."

"Na yarda, Yaya," in ji Nafi'u. "Ai ba wuya. Ni na buga shi ya fi a ƙirga, ban taɓa maƙalewa ba."

Asabar bayan la'asar shago ya cika, har masu ƙwallo suka ajiye nasu suka zagayo. Jazuli ya naɗe hannun riga, ya ture hula ƙeya, aka juyo da allo.

Jama'a, unguwarmu ce! Ba kama ba, ita ce. Ga lungun da babur biyu ba sa giftawa, ga kwatar da kowa ya taɓa zurma ƙafa a ciki, ga taransifomar da ta fi shekara tana jiran gyara. Har akuyar nan mai karyayyen ƙaho tana kwance a inda ta saba. Teburin Ɗanjummai mai shayi na nan a kwana, harsasai a jere a wurin burodi, in kuma jininka ya ragu sai ka ɗauki kofin shayi ka farfaɗo. Shago ya kaure da ihu, kowa na nuna ƙofar gidansu. Ni kaina da na ga tagar ɗakina da tsumman da na toshe ta da shi, sai da na ji kunya ta kama ni, na kuma ji yaron ya burge ni ƙwarai.

Jazuli kuwa abin nema ya samu. Dodanni na ɓullowa daga rijiya yana zubar da su, suna dirowa daga kan katanga yana tare su tun a sama. Ya shiga shagon tela ya fito, ya haura rufin mai caji, ya bi ta kan buhunan mai gawayi. Da ya zo rumfar mai wankin hula, wanda suka taɓa yin cacar baki a kan wata hularsa da ta koɗe, babu dodo ko ɗaya a wurin amma sai da ya juye wa rumfar harsashi.

"Yaya, ka adana harsashi," in ji Nafi'u.

"Rabu da ni, wannan ta daban ce."

Haka ya yi ta ɓarin wuta yana cika baki, yana cewa a kawo masa wanda ya fi wannan. Nafi'u na tsaye a bayansa ya rungume hannu, yana ta ƙoƙarin danne murmushi. Ya riga ya fara kallon bangon da za a rubuta sunansa.

Sai lungu ya ƙare. Gaba babu komai sai gida ɗaya, mai ƙofar ƙarfe da shuɗin fenti, an rubuta BA SHIGA da jan fenti a sama, harafin ƙarshe ya ɗan zame ƙasa. Ga dakali, ga buta a gefe, ga keke a jingine, ga wasu takalma sau-ciki an ajiye su a bakin zaure. Kowa a shagon ya gane gidan, amma babu wanda ya riga Jazuli. Gidan Malam Ɗahiru ne, mahaifin Nafi'u. Wato gidan surukan Jazuli.

Mutumin da ke ihu yanzu-yanzu sai ga shi ya gyara zama, ya jawo hularsa ta dawo goshi, ya warware hannun riga. A allo kuma muka ga bakin bindiga ya yi ƙasa yana kallon turɓaya.

"Nafi'u, ina hanya?"

"Ga ta nan, Yaya. Ka tura ƙofar. Babban dodon yana tsakar gida, kana kashe shi an gama."

"Tsakar gidan wa?"

"Gidanmu mana. Shi na fi sani ciki da waje, shi ya sa na bar shi a ƙarshe."

Nan ne fa kuskuren yaron. Shi ɗan gida ne, ƙofar nan kullum da ƙafa yake tura ta ya wuce, bai taɓa ganin ta a matsayin wani abu ba. Jazuli kuwa tun da ya auri Rumasa'u iyakarsa zaure, shi ma sai ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya raɓe a gefen tabarma yana amsa gaisuwa da wata 'yar muryar da mu ba mu taɓa jin ta a shago ba.

Ya juya ya koma lungu yana neman wata hanya. Ya bi bango yana laluba, ya leƙa bayan taransifoma, ya dawo. Babu. Ya sake zagayawa ya dawo gaban ƙofar. Kafin nan sauran ƙananan dodannin sun cim masa, suna yagar sa ta baya, jininsa na sauka a allo muna gani.

"Yaya, suna cin ka fa!"

"Na gani. Ba zan yi harbi a ƙofar gidan Malam ba, yanzu haka yana hutawa."

"Wane Malam? Yaya, zane ne! Ni na zana!"

"Takalman can fa, na wane ne?"

"Na Baba ne, amma ado ne kawai na saka."

"To ka gani."

Wani daga baya ya ce ya shiga kawai, ai ba wanda zai faɗa. Jazuli ya waiwayo ya dube mu, mu wajen ashirin, kowa baki a buɗe, ya ce ai ya ga alamar masu riƙe sirri. Gaskiyarsa ce kuwa, don kafin magariba labarin zai kai gidan da ƙarin cewa da gudu ya shiga.

Jazuli ya sunkuya yana duba madannai ɗaya bayan ɗaya.

"Wanne ne na cire takalmi?"

"Babu shi."

"Na ajiye bindiga fa?"

"Shi ma babu. Sai na tsalle, da na gudu, da na durƙusawa."

Sai Jazuli ya danna na durƙusawa. Wallahi da idona na gani: jarumin da ya share unguwa guda shi kaɗai, ga shi durƙushe a bakin zaure, kai a ƙasa, dodanni uku na gwaguyar bayansa. Shago ya kife da dariya. Wani ya faɗo daga kan benci, ni kuma na riƙe ciki ina neman iska. Mutum ɗaya ne ba ya dariya. Nafi'u ya cire tabarau yana goge su da gefen riga, idonsa ya kawo ruwa, har na ji tausayinsa ya kama ni a tsakiyar dariyar. Wata da watanni yana gina abin nan, ga shi saura taku kaɗan, jinin Jazuli kuma ya kusa ƙarewa.

Nafi'u ya durƙusa shi ma a gefen kujerar, ya kama hannun Jazuli.

"Yaya, don girman Allah. In ka mutu a nan ba ka gama ba, kuma ka ce gogewa za ka yi. Na rantse maka Baba ba ya ciki, Umma ba ta ciki, babu mace ko ɗaya. Babu kowa a gidan nan sai dodo!"

Jazuli bai ɗaga yatsa daga kan madannin ba. Ya dubi ƙofar, ya dubi Nafi'u, ya sassauta murya kamar mai gudun a ji shi daga ciki.

"To in kana son aikinka ya kwana a injina, ai kai ɗan gida ne. Shiga ka ce wa dodon ana sallama da shi a waje."