Ranar Da Na Faɗi Don In Fita Kunyar Fasto

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren Rahila ba. Ko na so in manta, mutanen Ƙaura ba za su bar ni ba.

Rahila ɗiyar Yohanna ce, maƙwabcina. Aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Ƙaura tun muna samari, jirgin ya daina zuwa, shi kuwa ya zauna. Shekara talatin katanga ɗaya ta raba mu. Ranar Sallah ya ci namana, ranar Kirsimeti in ci shinkafarsa (kazar ma ni yake kira in yanka, don kada in sami hanyar ƙin ci). Amma ban taɓa tambayarsa yadda suke ibadarsu ba. Ina ganin na riga na sani, don ina da talabijin.

Ni ajina uku a firamare, Turancina bai wuce na gaisuwa ba. Amma finafinan Kudu da ake sawa a tauraron ɗan'adam, ba wanda ya kai ni kallo. Ba na jin abin da suke faɗa, idona ke yi mini fassara. Kuma abin da idona ya koya mini game da fasto shi ne: mutum ne mai kwat da farin hankici, yana ihu yana gumi, in ya ɗora wa mutum hannu sai mutumin ya sulale ta baya, wasu samari biyu su tare shi. Kowane fim haka. Ban taɓa ganin wanda aka taɓa ya tsaya da ƙafafunsa ba, sai mugu. Mugun ma daga baya faɗuwa yake, har da birgima.

Ana saura kwana uku biki Yohanna ya same ni a ƙofar gida.

"Maƙwabci, dangina sun yi nisa, hanya kuma ka san yadda take. Kai ne ɗan'uwana a garin nan. Ba sai ka shiga coci ba, a harabar za a yi walima. Kusa da ni za ka zauna, surukaina su ga ina da mutane."

Na buga ƙirji na ce ya bar mini komai. Yana juya baya na tuna da finafinan nan. To in faston ya zo gaisawa ya taɓa ni fa? In na tsaya ƙiƙam, na nuna wa duniya hannunsa ba ya aiki, na kunyata baƙon Yohanna a gaban surukai. Kuma su ce ga mugun can. Na yi ta juya abin, har na yanke wa kaina fatawa: wannan ba shiga addinin kowa ba ne, kara ce. Zan faɗi.

Sai na fara gwaji a kan katifa. Maiɗakina Kulu ta shigo ta tarar da ni ina sulalewa karo na huɗu.

"Malam, mi kaka yi haka? Hawan jinin ne?"

"Ke dai ba ki san zaman duniya ba," in ji ni. "Shirin biki nika yi."

Ta dube ni, ta dubi katifar, ta fita tana salati.

Ranar Asabar da hantsi na saka farar babbar rigata ta Sallah, na kafa hula. An kafa rumfuna, matan zumunta na coci suna ta waƙa da Hausa tsantsa suna buga tulu, abin gwanin daɗi. Wannan ya ɗan rikita ni, don a fim ban taɓa ganin haka ba. Amma da na waiga na ga samari biyu masu kwat tsaye bayan kujerarmu, sai hankalina ya kwanta. Na ce ga masu tarewa nan. Har na ɗaga musu gira, su san na san aikinsu. (Ashe masu rabon abinci ne.)

Can sai ga wani ɗan tsoho siriri cikin kaftani, da tabarau, yana bin manyan baƙi yana gaisawa, abin magana a hannunsa. Ba kwat, ba hankici, muryarsa kamar ta mai lallashin jariri. Yohanna ya miƙe, na miƙe.

"Fasto, ga ɗan'uwan nan nawa da nake ba ka labari."

Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Baba, sannu da zuwa. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci." Sai ya dafa kafaɗata.

Jama'a, na rufe ido na tafi.

Ba wanda ya tare ni. Samarin nan sun tafi kai shinkafa. Abin da ya tare ni teburi ne, a kan teburin kuma akwai babbar kula cike da zoɓo mai ƙanƙara. Ni da teburi da kula muka isa ƙasa tare, zoɓon nan ya wanke ni tun daga hula har cibiya.

Waƙa ta tsaya. Wata mata ta ƙwala ihu, "Jini! Kansa ya fashe!"

Ni kuwa ina kwance ido rufe, don a fim ba a tashi da wuri. Ina jin sanyi yana ratsa ni, ina cewa a raina, daure, don Yohanna kake yi. Sai na ji muryar amarya a kaina tana kuka, "Baba! Baba, kada ka yi mini haka yau!" Na ji faston da kansa yana cewa a kawo mota. Nan na fara zargin wani abu ya karkace, don a fim in mutum ya faɗi murna ake yi.

Abin da ya tashe ni gwaggon ango ce, ma'aikaciyar asibiti. Ta durƙusa ta ce, "Ku ba ni almakashi in yanke rigar nan." Rigar Sallata! Zumbur na tashi zaune na riƙe wuyan riga.

"Hajiya, a bar rigar. Lahiyata lau."

(Hajiya na ce mata. Sunanta Madam Saratu.)

Yohanna ya kama hannuna. "Maƙwabci, me ya same ka?"

"Ba abin da ya same ni. Ba haka a kan yi ba? Ya taɓa ni, na faɗi. Ko na yi sauri ne?"

Ban lura faston ya sunkuyo da abin maganar nan dab da bakina ba. Har masu babura a bakin titi sun ji.

Sai wata tsohuwa cikin matan zumunta ta fara, tana riƙe da tulunta, dariya ta ƙi tsaya mata. Daga nan kowa ya ɗauka. Uban ango har da sauka daga kujera. Faston ya cire tabarau yana share hawaye ya ce, "Baba, shekarata arba'in ina wannan aiki, ban taɓa kayar da ko kaza ba. Kai ne na farko. A ina ka gani?"

Na ce a talabijin.

"Ai mu ma muna kallonku a ciki," in ji shi. "In da ita na bi, da ban zo Ƙaura ba sai da hular kwano."

Yohanna ne kaɗai bai yi dariya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya ja ni gefe yana matse mini hula, zoɓo na ɗiga.

"Shekara talatin muna tare. Ka taɓa ganin na dawo daga coci da ƙura a bayan riga?"

Na ce a'a.

"To me ya hana ka leƙo katanga ka tambaye ni?"

Na ce ya yafe mini, na zubar masa da mutunci gaban surukai. Sai ga uban ango ya iso yana tari saboda dariya, ya kama hannun Yohanna ya ce, "Wanda yake da maƙwabcin da zai fasa ƙeyarsa dominsa, ai ba baƙo ba ne a gari. Ɗiyarka ta fito gidan mutane." Sannan ne Yohanna ya saki fuska, ya yi dariya har ya dafa ni. Ya yi sauri ya janye hannun. "Kada ka sake," in ji shi.

Rigar har yau ruwan hoda ce, Kulu ta yi wanki uku ta haƙura. Fim kuwa ina nan ina kallo, amma yanzu in na ga abin da ya shafi mutanen Yohanna, sai in ɗaga murya ta kan katanga in tambaya. Mafi yawan lokuta amsarsa ɗaya ce: "Ƙarya ce, kashe ka kwanta." Ni kuma nakan duba bayana tukuna.